Kwamfutar da ke sake tashi bayan an kashe ta

Matsala ce da ake yawan gani a kwamfutocin Windows: mutum ya danna umarnin kashewa, allo ya yi duhu, can sai na'urar ta sake kunna kanta. A Yamai, inda galibin kwamfutocin ofisoshi da na shagunan buga takardu ke ɗauke da Windows na Faransanci, umarnin shi ne Arrêter, amma na'urar sai ta yi abin da Redémarrer, umarnin sake tashi, ke yi. Sau da yawa ana gaggawar goge komai a sake zuba Windows. Wannan asarar lokaci ce da ta takardun mai kaya, domin yawanci gyaran bai wuce saiti ɗaya ko biyu ba.

Abin lura na farko

Kafin a taɓa komai, a tsaya a saurari na'urar. Idan fanka ba ta tsaya ba, fitilar gaba ma ba ta mutu ba, sai kawai tambarin kamfani ya dawo, to kwamfutar ba ta kai ga mutuwa ba: Windows ce ta tuntuɓe a hanya. Idan kuwa komai ya yi tsit na ƴan daƙiƙoƙi kafin ta farka, ta mutu ɗin, wani abu ne ya tashe ta. Hanyoyin binciken biyu sun sha bamban, kuma wannan bambancin shi ne rabin aikin.

Idan ba ta kai ga mutuwa ba

Babban abin zargi shi ne saurin tashi, wanda Microsoft ya shigo da shi a Windows 8 a 2012, ya kuma ci gaba a Windows 10 da 11. Da wannan tsari, kashewa ba cikakkiya ba ce. Windows tana rufe asusun mai aiki, sannan ta kwashe zuciyar tsarin tare da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura, ta adana su a fayil ɗin hiberfil.sys don tashin gaba ya yi sauri. Direba ɗaya da ya kasa amsa wannan umarni ya isa ya ɓata komai. Hakan ya fi faruwa a tsofaffin kwamfutocin hannu-na-biyu da aka ƙera don Windows 7 aka ɗora musu sabon tsari.

Gwajin mai sauƙi ne. A riƙe maɓallin Shift lokacin danna Arrêter, ko a rubuta shutdown /s /t 0 a tagar umarni, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni kai tsaye. Dukkansu suna tsallake saurin tashi. In ta mutu ta zauna, an kama mai laifi. Sai a shiga Panneau de configuration, Options d'alimentation, Choisir l'action des boutons d'alimentation, a danna Modifier des paramètres actuellement non disponibles, a cire alamar da ke gaban Activer le démarrage rapide. Umarnin powercfg /h off ma yana yin haka, sai dai yana tafiya da dogon barcin na'ura gaba ɗaya, abin da mai kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya buƙata.

Akwai kuma saitin da ke ɓoye ciwon. An tsara Windows ta sake tashi da kanta duk lokacin da ta yi mummunar faɗuwa, don haka shuɗin allon da ke nuna saƙon kuskuren kan wuce kafin ido ya kama shi. A buɗe sysdm.cpl, a je Paramètres système avancés, sannan Démarrage et récupération, a cire alamar Redémarrer automatiquement. Wannan ba magani ba ne, amma a kashewa ta gaba saƙon zai tsaya a karanta shi. DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, mai lamba 0x9F, yana nuna direban da ya ƙi sakin wuta, galibi na katin hoto, na Wi-Fi ko na wani abin USB. A sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, a bar tarkacen da ke yawo a kan kile, wato ƙaramar ma'ajiyar USB.

Rajistar tsarin, eventvwr.msc, tana ba da shaida: lamba 1074 tana faɗin manhajar da ta nemi a kashe ko a sake tashi, 1001 ta BugCheck tana riƙe lambar faɗuwa, 41 kuma tana nufin na'urar ta tashi ba tare da ta mutu yadda ya kamata ba. Sake tashi a tsakiyar sabunta Windows kuwa ba matsala ba ce, cikin aikin yake.

Idan ta mutu sannan ta farka

A zare komai: firinta, kile, modem, wayar intanet, har linzami. In matsalar ta tafi, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Katin intanet na iya kunna na'ura idan saƙo ya shigo ta waya, ana kuma rufe wannan a Gestionnaire de périphériques da cikin BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, ƙarƙashin Wake on LAN.

Ana shiga BIOS da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a yawancin Lenovo na ofis. Saitin da ya fi shafar garin da ake yawan ɗauke wuta shi ne wanda ke faɗa wa na'ura abin da za ta yi idan lantarki ya dawo, mai suna Restore on AC Power Loss ko After Power Loss. In yana kan Power On, duk ƙiftawar wuta, ko sauyawa zuwa janareto, ko soket mai kwance, zai kunna kwamfutar da aka kashe. A mayar da shi Power Off. A duba kuma ko an saka agogon da ke kunna ta a wani lokaci. Idan saitin ya ƙi zama, kwanan wata ma yana komawa baya, batirin CR2032 mai volt 3 da ke kan babban allo, wato faifan da sassan na'ura ke haɗe a kansa, ya ƙare.

Abin da ya rage bayan wannan na ƙarfe ne. Ƙurar hunturu tana cika maɓallin kunnawa na gaba har ya maƙale, don haka a zare wayoyinsa biyu masu alamar PWR SW daga babban allo bayan na'urar ta tashi, a kashe ta daga Windows a gani. Akwatin wuta, wanda ke raba lantarki ga sassan cikin kwamfuta, shi ma yana gajiya: ko a kashe, yana ci gaba da ba da volt 5 ta waya mai launin shunayya, kuma zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana kumbura kwandansa, ƙananan sassan da ke riƙe caji, har wannan layin ya daina tsayawa daidai. Ba a buɗe akwatin wuta, domin yana riƙe caji mai haɗari bayan an zare shi daga bango. Ana aro wani lafiyayye a gwada, in matsalar ta gushe a canza shi.