Firgicin bayan bala'i

Firgicin bayan bala'i, wanda likitoci ke taƙaitawa da PTSD, lalura ce da ke kama mutumin da ya tsallake rijiya da baya ko ya ga kisa da idonsa. Jiki ya tsira, amma ƙwaƙwalwa na ci gaba da ɗaukar cewa haɗarin bai wuce ba.

An lura da shi sosai a Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914–1918), inda sojoji ke komowa daga fagen daga suna makyarkyata, wasu bakinsu ya mutu, alhali babu rauni a jikinsu. Da yawa an ɗauke su matsorata. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya shi a kundinta na cututtuka, bayan abin da aka gani a tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam.

Alamominsa sun haɗa da mafarkin abin da ya faru, da dawowarsa a ido tsakar rana, da rashin barci, da saurin fushi, da guje wa duk abin da zai tuno da shi. Likita ba ya kiransa da wannan suna sai alamomin sun haura wata guda suna hana mutum harkokinsa. A gabashin jihar Sakkwato, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, 'yan bindiga kan babura suke zuwa. Shi ya sa matar da ta gudo cikin gari za ta iya sakin ƙwaryar da ke hannunta ta suri goyo, don kawai ɗan acaɓa ya wuce ƙofar gida. Yaro kuma ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya girma. Sau da yawa akan ce iska ne, ko a ce ƙarancin tawakkali. Wannan hukunci na biyu zalunci ne a kan wanda aka riga aka zalunta.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, ciki har da wannan. Tun daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, wasu kuma suka raɓe a makarantu da kangwaye.

Maganin da ya fi inganci shi ne zama da ƙwararre, a bi labarin sannu a hankali har tsoron ya saki. Wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin da likita ya rubuta. A Kware, kusa da birnin Sakkwato, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya. Masu neman barci da ƙwayar kan titi kuwa ƙara wa kansu ciwo suke.

Bincike ya sha nuna cewa wanda ya samu mai jansa a jiki ya fi saurin farfaɗowa. Finafinan yaƙi kan gina labarinsu a nan: baƙo da mai masauki, ko mutum biyu daga ɓangarorin da ke gaba, su shaƙu. A ƙasar Sakkwato ba sai an ƙaga ba, domin manomi Bahaushe da aka ƙone wa rumbu da Bafulatanin da aka kore wa shanu kan tsinci kansu a layi ɗaya na karɓar tallafi, kuma dukansu ba sa runtsawa da dare.