Waiwaye: ina wasannin da aka kai talabijin suka shiga?

Tun da fina-finan Indiya da na Meziko masu dogon zango, waɗanda aka juya zuwa harshen Twi, suka mamaye allon talabijin da yamma, gardama ba ta kwanta ba a Akara. A majalisun shayi na Nima da Mamobi da Sabon Zango, dattawa na cewa yaran yanzu sun guji wasannin kwaikwayon gida. Matasa kuma amsarsu guda ce: "To Baba, in wasannin da ɗin sun kai yadda ake zuzuta su, a nuna mana mana." A nan baki kan mutu, domin abin nunawar bai taka kara ya karya ba. Sai a koma kan gobarar da ta ci ɗakin ajiyar sauti da hotuna na gidan rediyo da talabijin na ƙasa a watan Mayu na 1989. Gobarar ta yi ɓarna ƙwarai. Amma asarar ta girme ta, kuma tushenta yana cikin yadda sana'ar talabijin ta ɗauki wasan kwaikwayo tun ranar farko.

Farkon labarin sananne ne. A 1930 aka nuna wani gajeren wasa na Luigi Pirandello a talabijin a Landan, da hoto mai layi 30 kacal, wanda fuska ɗaya ce ke iya shiga allonsa a lokaci guda. A nan gida Ghana, rediyo ya fara a 1935, Hausa kuma na cikin harsunan da ya daɗe yana magana da su, sannan aka buɗe talabijin ran 31 ga Yuli, 1965. Ya tarar da wasa iri biyu. Akwai rubutacce, na su Efua Sutherland wadda ta buɗe ɗakin wasanta a Akara a 1961, da Ama Ata Aidoo, da Joe de Graft wanda ya ɗauki Hamlet na Shakespeare ya dasa shi a Tongo, kusa da Bolgatanga, har aka mai da shi fim mai suna Hamile a tsakiyar shekarun 1960. Akwai kuma konsat, wasan talakawa, da ya faro daga Sekondi wajen 1918, ya bi ta hannun Bob Johnson da ƙungiyar Axim Trio, ya zama wasan harshen Akan zalla a hannun E. K. Nyame daga 1952.

Konsat ba shi da takarda. Shugaban ƙungiya zai zayyana labarin da baki, kowa ya san halin da zai hau, sauran kuma a dandamali ake ƙaga shi. A fara da kiɗan haylaif wajen tara na dare, wasan ya shigo daga baya, a kai biyu ko uku na dare. Masu kallo ma suna cikin wasan: su zagi muguwar kishiyar uwa, su hau dandamali su miƙa wa maraya kwabo. Ƙungiya kan ɗauki labari ɗaya ta yi wata da watanni tana yawo da shi gari gari. Abin da ya ba da dariya a Swedru a riƙe shi, wanda bai ci ba a Koforidua a yar. Maimaicin nan shi ne ma'ajiyar wasan, a kan 'yan wasa yake zaune.

Ɗakin ɗaukar talabijin kuwa ƙa'idarsa daban. Kyamara uku ko huɗu ne a kan ƙafafu masu taya, kowace da igiya mai kauri da ba a so ta harɗe da ta 'yar'uwarta. Don haka sai an tsara tun farko wace kyamara za ta ɗauki wa, a lamba kowane hoto, a zana wa ɗan wasa alamar tsayawa a ƙasa da alli. Wanda ya saba tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, in ya goce taku biyu ya fita daga haske da kuma ƙarƙashin makirfon da ke rataye a sanda. Kyamarorin baƙi da fari na lokacin suna son fitila mai ƙarfi, ga zafi. Farar babbar riga na iya ƙone hoton ta bar fuskar mai ita a duhu, shi ya sa ake canza fari da shuɗi mai haske ko ruwan toka. Ja da kore na iya fitowa launi guda. Uwa uba lokaci: wasan awa huɗu ko biyar dole ya shiga rabin awa ko awa ɗaya. Waƙoƙi ne ke fara faɗuwa, sai doguwar barkwanci, masu kallo kuma an bar su a waje.

Duk wannan ana ambatonsa jefi-jefi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne tef.

Kafin 1956 ba a iya naɗar hoton talabijin sai dai a girke kyamarar fim a gaban allo ta ɗauka, abin da ke cin kuɗi kuma hoton ya fito dishi-dishi. Saboda haka wasan talabijin kai tsaye ake yin sa. A Ingila in an yi wasa ran Lahadi ana son maimaici ran Alhamis, 'yan wasan ne ke dawowa su sake yi daga farko. A 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar naɗa, kuɗinta dala 50,000. Tef ɗinta faɗin inci 2 ne. A tsarin layi 625, wanda Ghana ke bi, yana gudun kusan santimita 40 a daƙiƙa, wato awa ɗaya na cin sama da mita 1,400. Kawunan naɗa huɗu ne a jikin wani ƙarfe mai juyawa sau 250 a daƙiƙa suke rubuta hoton a gicciye. Faifan awa ɗaya ya kai wajen dala 300 a Amurka a ƙarshen shekarun 1950.

Gyara a wannan tef aiki ne ja. Ba a iya tsayar da hoton a duba. Sai a shafa wa tef ruwa mai garin ƙarfe don layukan maganaɗisu su bayyana, a leƙa ta madubin ƙara girma a nemo daidai tsakanin hoto da hoto, a yanka da reza, a liƙe. In aka kuskure da ƙiris, hoton ya yi tsalle a allo. Tef ɗin da aka yanka kuma darajarsa ta faɗi, domin mahaɗin na iya lalata naɗin gaba ko ya ci kan na'ura. Sai ƙa'ida ta zama a ɗauki wasa a tashi ɗaya kamar kai tsaye, kada a taɓa reza, don faifan ya koma aiki lafiya.

Komawa aiki na nufin gogewa. Ana ɗora faifan a kan na'urar maganaɗisu mai ƙarfi, cikin ɗan lokaci ya zama fanko, gobe a naɗi labarai ko ƙwallo a kai. Wannan ba ta'adar ƙasa ɗaya ba ce. Manyan gidajen talabijin na Turai da Amurka sun share dubban shirye-shirye ta haka har cikin shekarun 1970. A littafin lissafi tef kayan aiki ne, layinsa ɗaya da kwan fitila, abin da ke kansa ba shi da farashi. In masu kuɗi sun yi haka, ina ga Ghana, inda kowane faifai sai an nemo kuɗin waje kafin a shigo da shi, a shekarun da sabulu da madara ma suka yi wuya a kasuwa?

A nan wasannin biyu suka rabu. Rubutacce bai mutu da gogewa ba. The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland an buga shi a 1975, The Dilemma of a Ghost na Ama Ata Aidoo tun 1965, kuma har gobe ɗalibai na iya ɗauko littafin su hau dandamali. Konsat kuwa faifan nan shi ne kaɗai rubutunsa. Ga wata matsala a kai: talabijin ba ya son maimaici. Shiri irin Osofo Dadzie, da ya fara a farkon shekarun 1970 da 'yan wasan konsat na ƙungiyar S. K. Oppong, yana bukatar sabon labari kowane mako. Labarin da a da zai yi watanni ana goge shi a gaban jama'a har ya yi sheƙi, yanzu kwana kaɗan ake haɗa shi, a nuna sau ɗaya, a wuce. Bai zauna a kan 'yan wasa ba, ba a kuma tabbatar ya zauna a tef ba. Mutane sun riƙe sunan jarumi da salon maganarsa, amma a tambaye su labari guda daga farko zuwa ƙarshe a ga.

Sauran abubuwan sun zo sun tarar da wannan. Hana fitar dare a farkon shekarun 1980 ya tsayar da yawon ƙungiyoyi. Talabijin mai launi ya zo a 1985, tsohon baƙi da fari ya ƙara zama abin da ba a sa ran sake nunawa. Bidiyo ya shiga gidaje da rumfunan kallo, a zanguna kuma daga baya kaset ɗin Kano ya sami kasuwa. Da aka farfaɗo da konsat a Gidan Wasan Ƙasa a tsakiyar shekarun 1990, a ma'aunin talabijin aka yanka shi.

Abin da ya tsira yawanci yana kan kaset ɗin bidiyo irin U-matic mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, da Betacam, da VHS ɗin da wani ya naɗa a falonsa. Su ma suna da wa'adi. Gam ɗin da ke riƙe garin maganaɗisu a jikin tef yana shan laima ya yi danƙo, laimar Akara kuwa takan wuce kashi 70 cikin 100 a mafi yawan shekara, alhali ajiya na son sanyi da laimar kashi 30 zuwa 40. Tef mai danƙo in aka sa shi a na'ura sai ya yi ƙara, garin ya kankare ya toshe kan na'urar, hoton ya tafi ke nan. Mai farin fumfuna a gefe ma kada a kunna shi. Masu aikin kan gasa mai danƙon a zafin da bai wuce digiri 50 zuwa 55 na ma'aunin Celsius ba, na awanni da yawa, a cikin na'urar da zafinta ba ya hawa da sauka, tandar girki ba ta yi. Daga nan a bar shi ya huce, a kwafe shi zuwa kwamfuta cikin 'yan kwanaki kafin danƙon ya dawo. An daina ƙera na'urar VHS tun 2016, ta U-matic kuma sai an haɗa gawa biyu ko uku kafin a tada guda mai aiki.