Hayar gidan hutu na iyali a ƙauyen bakin teku

Hayar gidan hutu ita ce mutum ya karɓi gida sukutum, da gadajensa da kayan kicin, na 'yan kwanaki ko makonni, ya zauna da iyalinsa, sannan ya mayar wa mai shi. Ta bambanta da sauka a otal, inda ake biyan kuɗi ɗaki-ɗaki ana cuɗanya da baƙi, ta kuma bambanta da hayar shekara da aka saba da ita a Abuja da Jos, inda ɗan haya ke shiga da kayansa. A ƙauyukan bakin teku irin wannan gida yakan kasance mai ɗakunan kwana huɗu, shida ko fiye, da tsakar gida, wani lokacin har da wurin ninƙaya. Tun da dandalin Airbnb ya fara aiki a 2008 harkar ta koma waya, ko da yake a Najeriya har gobe dillalai da shafukan Instagram da WhatsApp suna da babban kaso a cinikin.

Dalilin da ya sa iyalan Arewa ke zaɓarsa

Gidan Bahaushe ba ya tafiya da mutum biyu. In an tashi hutun makaranta, ko bayan salla, ko an gama biki ana son a huta, tafiyar takan haɗa kaka, da maigida da matansa, da ƙanne, da yara, da mai raino. A otal sai an kama ɗakuna da yawa, kowane abinci kuma a saya, ga mata ba su da wurin sakewa. Gida ɗaya mai katanga yana warware wannan duka: mata su cire mayafi a tsakar gida, a ɗora tukunyar tuwo yadda aka saba, a shimfiɗa tabarma a yi jam'i. Idan aka raba kuɗin tsakanin magidanta uku ko huɗu, sau da yawa yakan zo ƙasa da na otal mai daraja ɗaya.

Akwai kuma sha'awar tekun kanta. Yaron da ya tashi a Jos, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ya san duwatsun Shere da sanyin Disamba, amma babban ruwan da ya sani shi ne kududdufin tsofaffin ramukan kuza. Na Abuja iyakarsa tafkin Jabi da madatsar Usuma.

Inda ake zuwa

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853. Daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa Legas tafiyar kusan awa ɗaya ce, mutanen Jos kuma kan tashi daga filin Yakubu Gowon da ke Heipang ko su biyo ta Abuja. A jihar Legas gidajen hutu sun fi yawa a Ilashe da Ibeshe, waɗanda ake zuwa da jirgin ruwa, sai Eleko da sauran ƙauyukan Ibeju-Lekki da mota ke kaiwa. Badagry, kusa da iyakar Seme, ta haɗa teku da tarihi: akwai tsohon benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da tsibirin Gberefu inda ake loda bayi a jirage. A Akwa Ibom akwai gaɓar Ibeno.

Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin, Togo da Ghana ba tare da biza ba har kwana 90, sai dai a riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Grand-Popo a Benin, da Ada Foah da Kokrobite a Ghana, duk ƙauyuka ko ƙananan garuruwa ne da ke karɓar baƙi, kuma zangon Kwatano da na Akara cike suke da masu jin Hausa. Masu hali kan wuce gabashin Afirka, zuwa Nungwi, Paje da Jambiani a Zanzibar, ko ƙauyen Shela a tsibirin Lamu na Kenya. Mafi yawan mutanen waɗannan wurare na Zanzibar da Lamu Musulmi ne, ana jin kiran salla daga ɗaki, kuma babu fargabar yanka.

Ciniki da hukuncinsa

A nan ne ake yawan samun matsala, don ana biyan kuɗi ne kafin a ga gida. Akan nemi kafin alƙalami domin a riƙe ranakun, sai cikon kuɗi kafin shiga, sai kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, ya mayar bayan an fita. Dillali yana da la'adarsa. Abin da ya kamata a rubuta tun farko, ko da a saƙon waya ne: mutum nawa aka yarda su kwana, da yara a ciki ko babu, wa zai sayi man janareta, awa nawa ake kunna shi, ko kuɗin ya haɗa da mai dafa abinci, mai gadi da jirgin ruwa, da kuma ranar mayar da kuɗin ajiya. Babban iyali ya fi kowa faɗawa tarkon adadin mutane, domin a al'adarmu ba a ƙirga yara, mai gida kuwa yana ƙirga su.

Damfara ta hanyar hotunan gidan wani tana nan. Maganinta a nemi a zagaya da mutum cikin gidan ta kiran bidiyo, a buɗe famfo a gabansa, a nuna masa banɗaki da hanyar shiga, ko a tura ɗan'uwa da ke Legas ya leƙa. Mai gidan da ya ƙi wannan, a bar masa kayansa.

A fiƙihu wannan ciniki yana ƙarƙashin babin ijara, kuma sharaɗinsa a san kuɗin, a san muddar, a san amfanin da aka saya. Gidan amana ne a hannun ɗan haya: ba ya biyan abin da ya lalace don kansa, sai wanda ya ɓata da ganganci ko sakaci. Game da kafin alƙalamin da ba a mayarwa in an fasa, wato arbun, malaman Malikiyya sun hana shi, Hambaliyya kuma sun halatta. Matafiyin da ya yi niyyar zaman cikakkun kwana huɗu a wuri, a mazhabar Malikiyya, ya daina ƙasaru, ya cika salla. Alƙibla daga gaɓar Legas tana arewa maso gabas.

Zama a ƙauyen

Lokacin da ya fi daɗi a gaɓar Legas shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris, amma Disamba ce mafi tsada saboda masu dawowa daga ƙasashen waje. Yuni da Yuli ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya saba da busasshiyar iskar Jos zai ji jiki ya yi danƙo tun daren farko, tawul ɗin da aka shanya da yamma a same shi da safe da sauran laima. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, shi ya sa ake ganin tsatsa a makullai da fanka ko a sabon gida. Ruwan rijiya sau da yawa zartsi ne, sabulu ba ya kumfa da kyau, don haka ruwan sha sai an taho da shi. Sauro ma yana da yawa kusa da fadamun gaɓa.

Ƙauyen ba na baƙi ba ne. Masunta ne ke zaune a cikinsa, da kwalekwalensu da komarsu a shanye a kan yashi, kuma sassafe ake sayen kifi, ƙaguwa da jatan lande a hannunsu. Duk halal ne a Malikiyya. Shinkafa, tattasai, albasa da nama kuwa gara a saye su a cikin gari, a kasuwa irin ta Mile 12, kafin a shiga jirgi. Wasu gidajen na Ilashe an gina su ne domin casu, kiɗa yana tashi har asuba a ƙarshen mako, saboda haka mai tafiya da tsofaffi ya tambayi halin maƙwabta.

Haɗarin teku

Iya ninƙaya a rafi ko a kududdufi ba ya amfani a tekun Atlantika. Gaɓar yammacin Afirka tana da igiyar ruwa mai ƙarfi, ga kuma wata siririyar hanyar ruwa da ke komawa cikin teku da gudu, tana jan mutum ko da ruwan iya ƙugunsa ne. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, abin da ke yaudarar baƙo ke nan. Wanda ta ja kada ya yi kokawar komowa kai tsaye; ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta. Yawancin ƙauyukan ba su da masu ceto, asibiti kuma yana bayan tafiyar jirgi. Doguwar riga da zane suna yin nauyi in sun jiƙe.

Teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini. A Legas bambancin kusan mita ɗaya ne, amma a gabashin Zanzibar ruwa yakan janye da nisa ƙwarai, yara su bi yashi suna tsintar kwanson kifi, ya dawo ya tare musu hanya. A wajen shiga jirgi kuma, hukumomin sufurin ruwa na NIWA da LASWA sun wajabta sa rigar kariya. Jirage da yawa rigunan manya kawai suke ajiyewa, don haka a nemi ta yara tun kafin ranar tafiya, a kuma tsara dawowa da sauran rana.