Waiwaye: yadda ɗalibi ɗaya ya haɗa faifan farko na ƙungiyar kiɗa ta Big Black

A ƙarshen shekarun 1970, bayan guguwar punk, wani kiɗan jita mai sauri da zafi, ta fara lafawa a Ingila da Amurka, wasu matasa sun riƙe zafinsa da ƙin dogaro da manyan kamfanonin waƙa, amma suka shiga gwada sautuka masu duhu da kaushi, salon da aka laƙaba wa suna post-punk. Saukowar farashin kayan aiki ta taimaka musu matuƙa, domin na'urar naɗar sauti mai layi huɗu ta shiga gidajen mutane, sannan a 1981 kamfanin Roland na Japan ya fito da TR-606, ƙaramin injin da ke buga ganga da kansa bisa tsarin da aka shigar masa.

A wannan yanayi ne Steve Albini, wanda aka haifa a 1962 ya kuma tashi a garin Missoula na jihar Montana, ya koma Evanston kusa da Chicago domin karatun aikin jarida a Jami'ar Northwestern. Da bai samu abokan kiɗan da za su fitar da sautin da ke ransa ba, sai ya ari na'urar naɗa, ya zauna a ɗakinsa a 1982, ya kaɗa jita da bas, ya rera waƙoƙin da bakinsa, ya bar wa injin TR-606 aikin ganga. Gudummawar wasu ba ta taka kara ta karya ba. Mafi fitowa fili ita ce busar saksofon da wani abokinsa ya yi a waƙa guda. Haka aka samu Lungs, faifai mai waƙoƙi shida da ya fita a ƙarshen shekarar ƙarƙashin Ruthless Records, ƙaramin kamfanin haɗin gwiwa na mawaƙan Chicago. Sunan Big Black ne a jikinsa, alhali babu ƙungiyar tukuna. Albini ya riƙa lissafa injin cikin 'yan ƙungiya da sunan Roland, kuma a cikin kwalayen faifan an cusa tarkace iri-iri, har da takardun dala.

Gaskiya faifan bai kai na bayansa ba, sautinsa siriri ne, kuma shi kansa Albini ya riƙa kushe shi daga baya. Amfaninsa shi ne ya jawo masa mutane: Jeff Pezzati da Santiago Durango na ƙungiyar Naked Raygun suka shigo a 1983, aka fitar da faifan Atomizer a 1986, ƙungiyar ta watse a 1987 tana kan ganiyarta, kuma ba ta daina amfani da injin ganga ba har ƙarshe.

A ganina, babban abin da ya fito daga wancan ɗaki shi ne tsarin aikin da Albini ya riƙe tsawon rayuwarsa, wato mawaƙi ya mallaki abinsa. Da ya zama mai naɗa wa wasu faifai, ciki har da In Utero na ƙungiyar Nirvana a 1993, ya ƙi karɓar kaso daga ciniki, ya ce a biya shi ladan aikinsa sau ɗaya kamar mai gyaran famfo. A 1997 ya buɗe sutudiyonsa, Electrical Audio, a Chicago, inda ya ci gaba da karɓar ƙananan ƙungiyoyi a farashin da za su iya biya har rasuwarsa ranar 7 ga Mayu, 2024, yana da shekara 61.