Kalmar “save” a takardar doka: inda take nufin “sai dai” da inda take tsare tsohon haƙƙi

Duk wanda ya yi Turanci a makaranta ya san “save” da ma'anar ceton rai, da tara kuɗi, da adana aiki a kwamfuta, da abin da mai tsaron gida ke yi idan ya tare ƙwallo. Hausa ta ba kowanne kalmarsa: ceto, tanadi, ajiya, tattali, adanawa. Turanci kuwa buhu ɗaya ya zuba su. A hira wannan ba ya damun kowa, domin zancen kansa yana nuna wadda ake nufi. A takardar doka ne ake yin tuntuɓe, saboda a can kalmar tana da wasu ma'anoni biyu da ba a cika koyarwa a aji ba, kuma su ne lauyoyi suka fi aiki da su.

Ta farko ita ce togaciya, wato “sai dai”, “ban da”, “illa”. Sashe na 33(1) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce kowa yana da 'yancin rayuwa, ba za a kashe kowa da gangan ba, sannan ya ɗora da “save in execution of the sentence of a court”. Mai karanta ceto a nan zai zaci ana maganar kuɓutar da wanda aka yanke wa hukunci. Abin da sashen ke faɗi shi ne ba za a kashe mutum ba sai dai wajen zartar da hukuncin kotu kan laifin da aka same shi da shi a Najeriya. Ma'anar ta juya baki ɗaya.

Sashe na 35(1) ya fi shafar rayuwar yau da kullum. Ya ce ba za a tauye wa mutum 'yancin walwalarsa ba “save in the following cases”, sai ya jero hali shida: zartar da hukuncin kotu; ƙin bin umarnin kotu ko tilasta cika wani wajibi da doka ta ɗora; kai mutum gaban kotu ko kama shi bisa zargi mai tushe na aikata laifi; tsare wanda bai kai shekara 18 ba domin karatunsa ko kyautata rayuwarsa; tsare mai cuta mai yaɗuwa ko taɓin hankali da makamantansu domin jinya ko kare jama'a; da hana baƙo shigowa ba bisa ƙa'ida ba ko fitar da shi. Amfanin kalmar a nan shi ne ta rufe ƙofa. Abin da ba ya cikin shidan nan ba hujjar tsare mutum ba ne. Bashin ciniki tsakanin 'yan kasuwa biyu, alal misali, ba ya ciki, kuma sashe na 8(2) na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya faɗi ƙarara cewa ba a kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin nahawu ba zai sha wahala ba, domin babin istisna'i ne sak. Akwai hukuncin da ya game kowa, akwai kalmar togaciya, akwai abin da aka toge. Hanyar gane ta ita ce a dubi abin da ya biyo baya. Idan “as”, “that”, “for”, “in” ko “where” ne ya biyo, kuma babu wani mai aikatawa a gabanta, a cire ta a sa “except” a gurbinta. In jimlar ta zauna daidai, togaciya ce. Daga nan sai a raba jimlar gida biyu, a karanta hukuncin shi kaɗai, a karanta abin da aka toge shi kaɗai. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san wannan kalma ta wata fuskar: “sauf” da ke cike da dokokinsu na Faransanci ita ce asalin wannan “save” ɗin, daga Faransanci Turancin ya aro ta.

Mafi haɗarin siffarta ita ce “save as otherwise provided”, ma'ana sai dai inda aka tanadi wani abu daban. Wannan tana gaya wa mai karatu cewa sashen da ke gabansa bai cika ba, akwai wani a wani shafi da zai iya rinjayarsa, kuma sau da yawa ba ta faɗin lambarsa. Mutane kan ɗauki hoton sashe ɗaya su yaɗa a waya suna cewa ga abin da doka ta ce, alhali togaciyar tana can gaba. Duk inda aka ga wannan magana, sai an bi dokar ko yarjejeniyar har ƙarshe, har da jadawalin da ake liƙawa a baya.

A takardar haya ana yawan rubuta cewa ɗan haya zai mayar da gida yadda ya same shi “save for fair wear and tear”, wato ban da tsufan da zama na yau da kullum ke jawowa. Fentin da ya koɗe da hannun ƙofar da ya saki saboda shekaru suna wuyan mai gida. Tagar da yara suka fasa tana wuyan ɗan haya. In babu wannan togaciya a takardar, ɗan haya ya nemi a sa kafin ya sa hannu. Akwai kuma “indemnify and save harmless”, inda kalmar ta koma aikatau: wanda ya sa hannu ya ɗauki alkawarin biyan duk asarar da ta faɗa wa ɗaya ɓangaren. Masu tsaya wa wani wajen neman aiki ko rance su lura da ita sosai, domin aljihunsu take nufi.

Ma'ana ta biyu ita ce wadda ake gani a kan wani sashe can ƙarshen doka, an rubuta “Savings” ko “Repeal and savings”. Babu ruwansa da asusu. Idan majalisa ta soke tsohuwar doka ta kafa sabuwa, akwai lasisi da aka bayar, da naɗe-naɗe, da ƙararrakin da ke gaban alƙali, duk a ƙarƙashin tsohuwar. Wannan sashe shi ke hana su rushewa tare da ita, kamar mai rushe gida da ya fara fitar da kayan ɗaki. Da aka sa hannu kan sabuwar dokar kamfanoni a watan Agusta na 2020, ta soke ta 1990, amma kamfanin da ya yi rajista a 1995 bai sake yin wata ba, takardarsa tana nan da ƙarfinta. Sai dai tsarewar ta tsaya kan abin da ya gabata. Sababbin wajibai, kamar bayyana wa hukumar rajistar kamfanoni mutanen da ke da iko mai ƙarfi a kamfani, sun hau kan tsoho da sabo.

Ko da sabuwar doka ta yi shiru, akwai madogara. Sashe na 6 na Dokar Fassara ta 1964 ya ce soke doka ba ya farfaɗo da wadda ta riga ta mutu, ba ya taɓa haƙƙi ko wajibin da ya riga ya tabbata, ba ya ɗage hukuncin laifin da aka aikata, ba ya kuma tsayar da bincike ko shari'ar da ta shafe su. Don haka wanda ya yi laifi a ƙarƙashin tsohuwar doka ba zai ce an soke ta ya tsira ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma sashe na 36(8) na kundin tsarin mulki ya hana a ɗora masa hukuncin da ya fi wanda ke aiki ranar da ya aikata. Inda ake yawan kuskure shi ne kalmar “ya tabbata”. Mai lasisi a hannu yana da haƙƙi. Wanda ya miƙa takardar nema yana jiran amsa, galibi fata kawai yake da shi, sabuwar doka za ta iya hawa kansa. Kotuna kuma sun bambanta haƙƙi da tsarin shari'a: haƙƙin ana auna shi da dokar lokacin da rikicin ya taso, amma yadda za a shigar da ƙara da gudanar da ita yana bin dokar da ke aiki lokacin sauraro.

Shi kansa kundin tsarin mulki yana da irin wannan rukuni, daga sashe na 309 zuwa 317. Sashe na 315 ne ya bar dokokin da aka tarar su ci gaba da aiki bayan 29 ga Mayu 1999, da sharaɗin a daidaita su da kundin. Ƙaramin sashe na 5 ya wuce haka, ya keɓe dokoki huɗu: ta yi wa ƙasa hidima, ta Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a, ta hukumomin tsaron ƙasa, da Dokar Amfani da Filaye. Waɗannan ba a gyara su da rinjaye na yau da kullum. Sai an bi hanyar sashe na 9(2): kashi biyu bisa uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36. Dalilin da ya sa ake ta kukan dokar filaye tun 1978 ba a taɓa ta ba ke nan.

Ita ma dokar filayen tana da nata sassan riƙon ƙwarya, kuma ba su tsare komai da komai ba. Sashe na 34 ya ɗauki wanda ke da fili mai gini a birni kafin dokar kamar gwamna ne ya ba shi izinin mallaka, ko da ba shi da takarda. Filin birni da ba a gina ba kuwa, rabin hekta kaɗai aka bar wa mai shi, sauran ya koma hannun gwamna. Sashe na 36 ya bar manomin karkara a kan gonarsa. Sashe na 4 kuma ya ce jihohin Arewa su ci gaba da tafiyar da filaye bisa dokar Arewa ta 1962 har a yi wani tanadi. Saboda haka mai duba irin wannan sashe ya nemi amsar abu uku: me aka tsare, daga wace rana, kuma har yaushe.

Ma'anar ajiyar kuɗi ma tana da ƙa'idojinta. Babban Bankin Najeriya ya ɗora wa bankuna biyan mai asusun ajiya ruwan da bai gaza kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan da shi Babban Bankin ya tsayar ba. A ce ma'aunin kashi 27 ne, mafi ƙarancin ruwa zai zama 8.1 a shekara, wato naira 8,100 kan 100,000. Wanda ya ciri kuɗi fiye da sau huɗu a wata ya rasa ruwan wannan watan. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa rabon riba suke yi ta hanyar mudaraba. In banki ya durƙushe, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci da miliyan 2 a ƙaramin banki, tun ƙarin da ta yi a 2024.

Asusun fansho shi ma yana ɗauke da kalmar a sunansa na Turanci, “Retirement Savings Account”, amma ba a shiga a cira yadda aka ga dama. Dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 yana iya karɓar kashi 25 na abin da ya taru, in ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Sauran sai ya yi ritaya ko ya cika 50, duk wanda ya zo daga baya.