Waiwaye: Yadda Masu Hannu Da Shuni Suka Tsara Salon Gidan Cartier

Tarihin kayan ƙawa na alfarma a Turai yana tafiya ne tare da tarihin waɗanda dukiya take hannunsu a kowane zamani, kuma gidan Cartier, wanda Louis-François Cartier ya kafa a birnin Paris a 1847, ya isa misali. Da farko fadar sarakuna ce kasuwarsa. Sarki Edward na Bakwai na Ingila ya sa aka ƙera kambuna 27 domin bikin naɗinsa a 1902, kuma a wannan zamanin ne maƙeran gidan suka koma amfani da farin ƙarfen filatinam, saboda ƙarfinsa yana ba da damar riƙe daimon da siririn ƙarfe wanda ido ba ya cika gani.

Babin da ya fi jan hankali shi ne na Indiya. Jacques Cartier, jikan wanda ya kafa gidan, ya je can a 1911, ya tarar da sarakunan da suka gaji duwatsu masu daraja tun kaka da kakanni, waɗanda aka sassaƙa da siffar ganye da furanni. Daga wannan haɗuwa aka sami salon gwama ja da kore da shuɗi a sarƙa guda, abin da Turawa ba su saba da shi ba. A 1928 gidan ya kammala wa Maharaja Bhupinder Singh na Patiala sarƙa mai daimon 2,930, a tsakiyarta akwai wani rawayan dutse mai nauyin karat 234 da aka haƙo a Afirka ta Kudu. Abin takaici ne yadda ake yawan ba da wannan labari ba tare da tuna mahaƙan da suka shiga rami suka fito da dutsen ba. Sarƙar ta ɓace wajajen 1948, sai a 1998 aka gano ragowarta a Landan, an cire manyan duwatsun.

Da ƙarfin sarauta ya ragu, sai attajiran Amurka da taurarin fim suka gaji kasuwar. A 1917 Pierre Cartier, ɗan'uwan Jacques, ya karɓi katafaren gida a New York a musayar sarƙar lu'ulu'un teku, sannan a 1969 Richard Burton ya saya wa Elizabeth Taylor daimon mai karat 69 daga hannun gidan, jim kaɗan bayan an yi gwanjonsa a kan fiye da dala miliyan ɗaya.