Waiwaye: Kewar tsofaffin unguwannin Birmingham da aka rushe

Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin mutanen birnin Birmingham na Ingila, waɗanda suka yi yarinta a shekarun 1940 da 1950, ya san inda hira za ta dosa da zarar an taɓo zancen da. Za su ce a zamaninsu ba a kulle ƙofa, ɗa na kowa ne, babu kuɗi amma akwai mutunci. Daga nan sai jero sunaye: Ladywood, Nechells, Summer Lane, Aston, Highgate. Yawancin sunayen suna nan har gobe, amma layukan da ake nufi babu su. Hukumar birni ce ta rushe su, kuma a lokacin iyalai da yawa sun yi ta addu'ar layi ya zo kansu a ba su sabon gida. Yadda aka yi mutane suka dawo suna kewar inda suka yi ta roƙon a fitar da su, labari ne da ya samo asali tun ƙarni na 19.

Birmingham gari ne na maƙera. Bindiga, maɓalli, alƙalamin ƙarfe, kayan ado na zinariya da azurfa, daga baya keke da babur da mota, duk a nan ake ƙera su. Da mutanen ƙauye suka yi ta kwarara neman aiki, sai magina suka ɓullo da dabarar cusa gidaje masu yawa a ƙaramin fili. A gina gida biyu baya da baya, bango ɗaya ya raba su, ɗaya yana kallon titi, ɗaya yana kallon tsakar gida. Ba ƙofar baya, ba taga sai ta gaba, don haka iska ba ta ratsawa. Galibi hawa uku ne, kowane hawa ɗaki ɗaya: na ƙasa shi ne falo, shi ne madafa, na tsakiya na iyaye da jariri, na can sama na sauran yara, wasu kai a nan wasu kai a can kan gado ɗaya. Wanda ya san zaman gidan haya na tsakar gida ɗaya a garuruwanmu zai gane tsarin, sai dai ya ƙara da sanyin hunturu da danshin bango da hayaƙin kwal. Ta wani siririn lungu mai rufi ake shiga tsakar gidan, inda famfo yake da makewayi da ɗakin wanki da wurin zuba shara, duk na haɗaka.

Tun a 1876 Birmingham ta hana gina sababbin irin waɗannan gidaje, dokar ƙasa ta 1909 ta bi sahu (Leeds dai ta sami kafa, ta ci gaba da gina su har 1937). Amma hana sabo ba ya kawar da tsoho. Gab da yaƙin duniya na ɗaya akwai irinsu sama da 40,000 a Birmingham, da mutane kusan 200,000 a ciki. Dokar gidaje ta 1930 ta tilasta wa hukumomi su fara share unguwannin da suka lalace, an ɗan fara, sai yaƙi na biyu ya tsayar da komai. Jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai saboda masana'antunsa, mutum sama da 2,000 suka mutu, dubban gidaje suka zube.

Yaran da suke tsofaffin yau sun buɗi ido ne a cikin wannan kango, kuma a wurinsu kangon filin wasa ne. Nan ake ƙwallo, nan ake gina ɗan ɗaki da tarkacen katako, nan ake tara itacen babbar wutar da ake hurawa a bikin daren 5 ga Nuwamba. Titi ma nasu ne, domin motoci ba su da yawa: 'yan mata su ɗaura igiya a jikin sandar fitila suna lilo, maza su haɗa keken katako da tayoyin tsohon keken jarirai. Abinci kuwa da kati ake saye. Rabon da aka fara a Janairun 1940 bai ƙare ba sai Yulin 1954, lokacin da aka saki nama, wato shekara 9 bayan an gama yaƙi. Burodi, wanda ba a taɓa shi ba duk tsawon yaƙin, ya shiga kati daga 1946 zuwa 1948. Shi ya sa shekarar 1953 take da matsayi na daban a bakin waɗannan tsofaffi. A Fabrairu aka daina raba alewa da kati. Ranar 2 ga Yuni aka naɗa Sarauniya Elizabeth, aka jera tebura a tsakiyar titi, maƙwabta suka cika ɗakin duk wanda yake da talbijin. A Yuli kuma taragon lantarki na ƙarshe ya bi titin Birmingham.

A nan ne ya kamata a ɗan tsaya, domin wannan tarihi da ido ɗaya ake ba da shi, idon yaro. Yaron da ke wasa a tsakar gida bai san abin da uwarsa take sha ba. Kowace mata tana da ranarta a ɗakin wanki. Da asuba take fita ta hura wuta ƙarƙashin katuwar tukunya, ta jido ruwa bokiti bokiti, ta dafa kayan, ta kirɓa su a ganga da sandar katako, ta tura su cikin abin matsa mai juyawa da hannu, ta shanya, sannan ta yi fatan toka daga bututun masana'anta kada ta sauka a kai kafin su bushe. Wanka sau ɗaya ne a mako, a bahon kwano da ake rataye a bango, a gaban murhu, yara su shiga ɗaya bayan ɗaya a ruwa guda. Ƙidayar 1951 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Ingila da Wales ba su da kafaffen wurin wanka. Gas ɗin girki sai an jefa wa mita kwabo ko sule. Idan kuɗi ya yanke, ranar Litinin a kai kwat ɗin maigida shagon jingina, a fanso ranar da albashi ya fito don ya sa ranar Lahadi. Yara su tura tsohon keken jarirai zuwa kamfanin gas su sayo gawayi mai rahusa. Ga kuɗin cizo a bayan takardar bango, ga tarin fuka, ga shan inna, wadda ta kashe Jeff Hall, ɗan wasan Birmingham City da Ingila, a Afrilun 1959 yana da shekara 29. Mutuwarsa ce ta sa matasa suka yi dafifi wajen rigakafi.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce kewar ruɗu ce kawai. Akwai abubuwa na gaske a ƙarƙashinta. Na farko aiki. Kamfanoni irin su Austin a Longbridge, BSA a Small Heath, Lucas, Dunlop, Cadbury a Bournville, da ɗaruruwan ƙananan maƙeru, duk suna neman hannu. Tun daga ƙarshen shekarun 1940 har tsakiyar 1960 rashin aiki a garin bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Yaro ya bar makaranta yana da 15, Litinin mai zuwa yana bakin inji. Sannan gwamnati ta fara tallafa wa talaka: asibiti kyauta daga 5 ga Yulin 1948, 'yar kwalbar madara kullum a makaranta. Gidan ya tsufa, amma kowace shekara ta fi ta baya sauƙi. Sai kuma mutane. Kaka tana layi na gaba, goggo tana tsakar gida ɗaya, akwai dattijuwar da ake kira in haihuwa ta zo, ita ce kuma ake kira ta gyara gawa. Mai shagon kusurwa yana ba da bashi ya rubuta a littafi. Talauci ne ya tilasta wannan zumunci, amma hakan bai hana shi zama zumunci ba.

Mutumin da ya fi kowa hannu wajen sauya fuskar garin shi ne Herbert Manzoni, babban injiniyan birni daga 1935 zuwa 1963, wanda bai ɓoye cewa tsofaffin gine-gine ba su dame shi ba. Bayan yaƙi hukuma ta karɓe gidaje kusan 30,000 a yankuna 5 na tsakiyar gari, ta shiga rushewa layi bayan layi. Wasu aka maido su cikin dogayen benaye a inda tsohuwar unguwar take, wasu aka kai su bayan gari: Castle Vale, da aka gina a tsohon filin jirgin sama a shekarun 1960 da dogayen benaye 34, ko Chelmsley Wood da ke wajen iyakar birnin. Birmingham ta gina irin waɗannan benaye sama da 400. Ranar tarewa, mata da yawa sun tsaya suna kallon famfon ruwan zafi da makewayi na cikin gida kamar a mafarki.

Kuskuren yana wajen rabon. Gida gida aka ɗauke mutane, gwargwadon inda aka sami gurbi, ba layi guda ba. Uwa ta tafi arewacin gari, 'yarta kudu, tsakaninsu bas biyu. Masu bincike sun hango haka da wuri: a 1957 Michael Young da Peter Willmott suka wallafa nazarinsu kan iyalan Bethnal Green da ke gabashin Landan da aka mayar wata sabuwar unguwa a Essex, suka nuna gida ya yi kyau amma matan sun shiga kaɗaici, an yanke su daga iyayensu mata. Ba a saurara ba, domin 'yan siyasa na kowane ɓangare gasar yawan gidaje suke yi. Matar da ke hawa na 14 ba za ta iya leƙa yaro daga ƙofa ba, na'urar hawa kuma kullum a lalace. A Mayun 1968 fashewar gas ta zubar da kusurwar benen Ronan Point a gabashin Landan, mutum 4 suka mutu, daga nan farin jinin benaye ya faɗi. Bayan 1993 aka rushe 32 daga cikin 34 na Castle Vale. Wasu mutane sun ga an rushe gidan da aka haife su, sun kuma ga an rushe wanda aka ba su a madadinsa. Masana'antun ma suka bi baya. Kamfanin motocin Longbridge ya durƙushe a 2005.

Akwai kuma waɗanda hirar kewa ta saba tsallakewa. A daidai shekarun da ake cewa kowa ɗan'uwan kowa ne, mutanen Jamaika da Indiya da Pakistan da Ireland suna yawo a Handsworth da Sparkbrook da Balsall Heath suna neman ɗakin haya ana rufe musu ƙofa. A Smethwick, maƙwabciyar Birmingham, zaɓen 1964 ya yi ƙaurin suna wajen ƙyamar baƙi, har Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata na Amurka, ya je layin Marshall a Fabrairun 1965, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi. Sai a 1968 doka ta haramta hana mutum gida saboda launin fatarsa. 'Ya'yan waɗannan baƙi su ma sun tsufa yanzu, suna da tasu kewar ta layukan nan, da nata ɗacin.

Cikin dubban tsakar gidajen Birmingham, ɗaya ce ta tsira, mai lamba 15, a mahaɗar titin Hurst da Inge. A 1966 aka kwashe mazaunanta, amma shagunan gaba suka ci gaba, shi ya sa buldoza ba ta kai gare ta ba. Cikin na ƙarshe da suka yi sana'a a wurin akwai George Saunders, tela ɗan tsibirin St Kitts, wanda ya yi ɗinki a nan daga 1974 har 2001. A 2004 ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi ta buɗe wurin a matsayin gidan tarihi, da ɗakin wankinsa da makewayinsa da shagon telan, kuma sai an sayi tikiti ake shiga.